Yadda magana ke dawowa bayan shanyewar ɓarin jiki

Tambaya: Wata biyu ke nan da mahaifinmu ya samu shanyewar ɓarin jiki na dama. Ƙafar ta fara motsi, amma maganar ta ƙi. Yana gane mu, yana fahimtar yawancin abin da muke faɗa, sai dai in ya buɗe baki kalma ɗaya ko biyu ke fita, wani lokacin ma ba wadda yake nufi ba. Abin mamaki, yana ƙirga ɗaya zuwa goma tsaf. Shin maganar za ta dawo? Ta yaya ƙwaƙwalwa ke gyara kanta, kuma me za mu yi masa a gida?

Amsa: Allah ya ba Baba lafiya, ku kuma ya saka muku ɗawainiyar da kuke yi. Abin da kuka kwatanta shi likitoci ke kira afasiya, wato taɓuwar iya magana da fahimtarta saboda rauni a ƙwaƙwalwa, kuma kusan mutum ɗaya cikin uku na masu shanyewar ɓarin jiki na samun ta a farkon ciwon. Ba taɓin hankali ba ne, ba kuma ruɗewar tsufa ba. Hankalinsa na nan, ya san abin da yake so ya faɗa, hanyar da tunani ke bi ya zama kalma ce ta katse.

A fara bambance ta da nauyin baki, domin sau da yawa ana haɗa su. Mai nauyin baki tsokokin leɓe da harshe da maƙogwaro ne suka yi rauni: kalmominsa daidai suke, fitarsu ce a dagule, kuma in aka ba shi biro zai rubuta abin da yake so. Mai afasiya kuwa rubutun ma yakan ƙi, karatu ya yi wuya, saboda matsalar na can inda ake zaɓo kalma a jera ta. Mutum ɗaya na iya samun duka biyun, kuma atisayensu ba iri ɗaya ba ne, shi ya sa gwajin masanin gyaran magana ke da amfani tun farko.

Haɗuwar shanyewar ɓarin dama da rashin magana ba haka kawai take faruwa ba. Ɓarin hagu na ƙwaƙwalwa shi ke sarrafa daman jiki, kuma a nan cibiyoyin harshe suke ga kusan kashi 95 cikin 100 na masu amfani da hannun dama, da kusan kashi 70 na bahagwai. A 1861 likitan Faransa Paul Broca ya bayyana wani majiyyaci da ba ya iya furta komai sai "tan", aka kuma samu raunin a gaban ɓarin hagu. A 1874 Carl Wernicke na Jamus ya nuna wani yanki a can baya, kusa da saitin kunne, wanda in ya lalace mutum zai yi ta zuba magana mara ma'ana, ba ya kuma fahimtar ta wasu. Akwai damin zaren jijiyoyi da ya haɗa yankunan biyu, kuma jijiyar jini guda, wadda ke ratsa tsakiyar ƙwaƙwalwa, ita ke ciyar da su tare da yankin da ke motsa fuska da hannu. Yadda kuka siffanta Baba, fahimta da dama-dama amma fitar kalma da ƙyar, ya fi kama da rauni a yankin gaba.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da suka mutu ba sa tashi, kuma babu maganin da ke tsiro da sababbi a gurbinsu. Wannan a karɓe shi haka. Abin da ya sa duk da haka magana ke dawowa shi ne harshe ba a wuri ɗaya yake ajiye ba. Ma'anar kalma, sautinta, yadda baki zai motsa, da yadda za a sa ta cikin jimla, kowanne na bazu a wurare da yawa da ke haɗe da juna. Ciwon yakan rushe wani sashe ya yanke wasu hanyoyi, sauran na nan. Ƙirgan da yake yi shaida ce. Abubuwan da baki ya saba jerawa ba tare da tunani ba, irin su lissafi, ranakun mako, gaisuwa, haddar da aka yi tun ƙuruciya, waƙa, har da ashar, suna dogara da wasu hanyoyi na daban da suka haɗa da ɓarin dama da can cikin ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mutum zai ƙirga har goma, amma a nuna masa yatsu huɗu a ce nawa ne ya kasa, sai ya faro daga ɗaya ya tsaya a huɗu. Kada wannan ya sa a ce da gangan yake ƙin magana. Amma alama ce mai kyau, kuma ana iya hawa kanta.

Sauƙin da ake gani a kwanakin farko ba koyo ba ne, farfaɗowa ce. Kusan kashi 85 cikin 100 na irin wannan ciwo toshewar jijiya ce da gudan jini, sauran fashewar jijiya. Kewaye da wurin da ya mutu akwai wani zobe na ƙwayoyin da jini ya yi musu ƙaranci: sun daina aiki amma da sauran ransu. Su ake gudun ceto idan aka yi allurar narkar da gudan jini cikin awa huɗu da rabi, ko aka zaro gudan ta cikin jijiya, kuma an ƙiyasta cewa a toshewar babbar jijiya ana asarar ƙwayoyi kusan miliyan 1.9 a kowane minti. Sai kumburi, wanda yakan kai ƙololuwa tsakanin kwana uku zuwa biyar kafin ya fara sacewa. Akwai kuma abin da Constantin von Monakow ya bayyana tun 1914: wurare masu nisa da raunin, waɗanda ba abin da ya same su, sukan yi tsit saboda saƙon da suka saba samu ya yanke, kamar gidajen da wayar lantarkinsu ta tsinke a can nesa, komai nasu lafiya amma suna cikin duhu. Da jini ya daidaita, kumburi ya sauka, waɗannan wurare suka farka, sai a ga mutumin da ba ya ko amsa sunansa ya fara fahimta cikin mako ɗaya ko biyu.

Daga makonnin farko zuwa kusan wata uku ƙwaƙwalwa na cikin wani yanayi na saurin canzawa. Ƙwayoyin da ke gefen raunin suna miƙa sababbin rassa, mahaɗar da ke tsakaninsu na ƙara ƙarfi, kuma wasu tsofaffin hanyoyi da a da ba a cika bi ba suna buɗewa. Ƙa'idar a nan ita ce wadda Donald Hebb ya kawo a 1949: ƙwayoyin da ke aiki tare a kai a kai, haɗinsu ƙarfi yake yi. Hanyar da ake bi kullum ita ke fitowa, wadda aka bari ciyawa ta rufe ta. A 2006 Dorothee Saur da abokan aikinta a Jamus sun bi wasu majiyyata da hoton ƙwaƙwalwa mai nuna inda ke aiki. A kwanakin farko ɓarin hagu ya yi sanyi. Bayan kusan mako biyu sai ɓarin dama, daidai saitin yankin gaban da Broca ya gano, ya ɗauki aiki sosai. Watanni bayan haka aikin ya koma hagu, a gefen raunin, kuma maganar ta ƙara kyau. Har yau masana na ja-in-ja kan ko ɓarin dama taimako yake yi ko wani lokacin cikas. Abin da ya fi rinjaye shi ne ɗan riƙon ƙwarya ne mai amfani, amma mafi kyawun warkewa na samuwa ga wanda ragowar ɓarinsa na hagu ya sake karɓar aikin. In raunin ya yi girma har hagun bai rage da yawa ba, dole daman ya ci gaba da riƙo, kuma abin da yake iya bayarwa yana da iyaka: kalmomin yau da kullum da gajerun jimloli, ba doguwar magana mai sarƙaƙiya ba.

Baba na wata na biyu, wato yana tsakiyar wannan lokacin. Kada a ɓata shi da jiran gani.

Za ku ji ana cewa in wata shida ya wuce shi ke nan. Rabin gaskiya ce. Sauƙin da ke zuwa da kansa ya fi yawa a wata ukun farko, ya ja baya sosai wajen wata shida, amma koyo ba ya tsayawa. Wani gwaji da aka yi a Jamus aka wallafa a 2017 ya ɗauki mutum sama da 150 waɗanda afasiyarsu ta kai wata shida ko fiye, aka ba su atisaye na aƙalla awa goma a mako har mako uku, kuma iya sadarwarsu ta ƙaru fiye da ta waɗanda ke jiran layi. Bambancin kawai shi ne bayan wata shida ba a samun komai kyauta.

Ko maganarsa za ta dawo kamar da, babu mai yi muku alkawari. Abubuwan da suka fi nuna inda za a kai su ne tsananin afasiyar a makon farko, girman raunin, da kuma inda yake, musamman ko ya cinye zaren jijiyoyin da ke haɗa gaba da baya da yankin fahimta. Shekaru na da tasiri amma ba kamar waɗannan ba. Fahimta yawanci takan riga furuci dawowa, kuma wanda fahimtarsa ke da kyau tun farko, kamar yadda kuka ce, ya fi cin moriyar atisaye tunda yana jin kuskurensa. Da yawa sukan tashi daga mai tsanani zuwa mai sauƙi, abin da ke saura a ƙarshe shi ne laluben suna, kalma na bakin harshe ta ƙi fita, musamman idan an gaji.

Yawan atisaye shi ne inda aka fi yin sake. Zuwa wurin masani sau ɗaya a mako na rabin awa ba ya isa. Wani babban nazari da ya tattara bayanan dubban majiyyata daga ƙasashe da yawa ya nuna an fi samun ci gaba ga waɗanda jimillar atisayensu ta kai awa 20 zuwa 50, ana yi kwana uku zuwa biyar a mako, tare da aikin gida da aka tsara daidai da buƙatar mutum. Amma wani gwaji a Ostareliya ya nuna cewa tsananta atisaye tun makonnin farko-farko bai fi kulawar da aka saba ba. Ma'ana, ba a matsa wa wanda ke kwance a galabaice, sai ya ɗan dawo hayyacinsa a ɗora. A gida, minti 20 zuwa 30 sau biyu ko uku a rana ya fi awa biyu a zama ɗaya, kuma a zaɓi lokacin da ya fi wartsakewa, wanda ga yawanci hantsi ne.

Ga yadda zama ɗaya yake. A zauna gaba da gaba a wuri shiru, mutum ɗaya ke magana, an kashe rediyo da talabijin. A ɗauko abu na gaske, a ce takalminsa, a ce "Baba, mene ne wannan?" Sai a yi shiru a ƙirga goma a zuci. Shirun nan shi ya fi yi wa iyali wuya, kuma a cikinsa ne ƙwaƙwalwa ke lalube. In bai fito ba, a ba shi taimako mafi ƙanƙanta: "Abin da ake sawa a ƙafa." In ya ƙi, a kawo jimlar da zai ƙarasa: "Ka sa riga, ka sa hula, ka sa…" In har yanzu shiru, a ba shi gaɓar farko, "ta…", yana kallon bakin mai faɗa. Sai a ƙarshe a faɗi kalmar duka ya maimaita sau uku zuwa biyar, a bar ta, a dawo mata bayan minti biyu ba tare da taimako ba. A rubuta a littafi matakin da ya kai kafin kalmar ta fito. Ci gaba sau da yawa a nan yake ɓoye: makon jiya sai an faɗa masa duka, wannan makon "ta…" ta isa.

Ku saurari irin kuskurensa, domin yana nuna inda hanyar ta tsinke. In ya ce "hula" maimakon takalmi, ya shiga layin sutura amma ya ɗauko maƙwabciya, matsalar ma'ana ce. Maganinta a kewaya kalmar da tambayoyi: da me ake yin sa, a ina ake ajiye shi, yaushe ake cire shi, me ake yi da shi. Wannan kewayen yana zuga duk abin da ke haɗe da kalmar har ta fi sauran ƙarfi. In kuma ya ce "katalmi", ya samo kalmar, jera sautin ne ya rikice, sai a rarraba ta gaɓa-gaɓa, ta-kal-mi, ana buga yatsa a kan kowace. Kalma 15 zuwa 20 sun isa a lokaci guda, kuma a zaɓi waɗanda yake buƙata: sunayen iyali, ruwa, banɗaki, ciwo, magani, waya. Abin da aka maimaita shi ke dawowa, ba ya cika yaɗuwa zuwa kalmomin da ba a taɓa ba. Wani gwaji a Ingila da aka wallafa a 2019 ya nuna atisayen kwamfuta na ƙara yawan kalmomin da mutum ke iya kira, amma hakan bai shiga hirarsa ta yau da kullum ba. Don haka duk kalmar da ya kama a zaman safe, a nemi dalilin da zai sa ya yi amfani da ita da rana.

Tunda yana ƙirga, mai yiwuwa yana iya rera abu ma. Akwai hanyar da aka ɓullo da ita a Boston a 1973 ga masu irin matsalarsa: a ɗauki gajeriyar jimla mai amfani kamar "ina son ruwa", a rera ta a hankali da sauti biyu, sama da ƙasa, ana ɗan buga hannunsa na hagu a kan kowace gaɓa. Da farko ku rera tare, sai ku riƙa janye muryarku ya ƙarasa, sannan a rage reron har ya koma magana. Ba kowa take yi wa aiki ba, ta fi dacewa da mai fahimta amma furuci ya ƙi. Akwai kuma wadda Friedemann Pulvermüller ya gabatar a 2001, inda ake wasan kati da shamaki a tsakani, dole a nemi kati da baki ba da nuni ba, awa uku a rana har kwana goma. Wannan ta wurin masani ce. A gida ba a hana shi nuni ko zane ko rubutu, duk abin da zai isar da saƙo alheri ne. Abin gudu shi ne a saba masa da yi masa komai kafin ya yi yunƙuri.

Wannan shi ne babban abin da ke lalata aiki, kuma ƙauna ce ke jawo shi. Ya buɗe baki an ƙarasa masa, ya kalli kofi an miƙo. Bayan wata uku ya koyi cewa ƙoƙari wahala ce mara amfani, hanyoyin da ya kamata su ƙarfafa sun kwanta. Akwai kuma ɗaga murya kamar kurma, da yi masa magana irin ta yara, da tattauna lamarinsa a gabansa kamar ba ya nan. Yana ji, kuma yana masa ciwo. Haka jarrabawa a gaban baƙi, "Baba, wane ne wannan?", tsoro ke ƙara toshe kalmar. A yi gajerun jimloli, batu ɗaya a lokaci ɗaya, da muryar da ake yi wa babba. A kula da "e" da "a'a", domin masu afasiya sukan musanya su ba da sani ba. In abin mai muhimmanci ne a sake tambaya ta wata fuska, ko a rubuta zaɓi biyu ya nuna. In kuma ya maƙale a kalma ɗaya, an nuna masa kofi ya ce takalmi, an nuna waya ya ce takalmi, alamar gajiya ce ko saurin sauya abu. A dakata, a yi wani abin daban na ɗan lokaci, kada a yi ta maimaita masa kalmar da ya maƙale a kai.

A duba abubuwan da ke gefe. Baƙin ciki mai tsanani na kama kusan kashi ɗaya cikin uku na masu shanyewar ɓarin jiki, ya fi yawa ga masu afasiya, kuma ba zai iya faɗa muku ba. Ƙin abinci, ƙin atisaye, juya fuska bango, rashin barci, duk a kai wa likita, ana maganinsa. In da ma ji ko ganinsa ya ragu, a gyara, kuma raunin hagu kan shafe ganin gefen dama na idanu biyun, sai a riƙa sa abu ta hagunsa. Tari ko shaƙewa lokacin shan ruwa alamar matsalar haɗiya ce, tana iya kai abu huhu.

In yana jin harshe fiye da ɗaya, yawanci harsunan tare suke dawowa gwargwadon ƙarfinsu kafin ciwon, ko da yake akan samu wanda ɗaya ya riga ɗaya, ko ya riƙa cakuɗa su. A yi atisaye da wanda yake rayuwa da shi a gida, kuma in kalmar ta fito da wani harshen a karɓa.

Ƙwayar magani da ke dawo da magana babu wadda ta tabbata. Na'urorin zuga ƙwaƙwalwa da maganaɗisu ko ƙaramin lantarki ta saman kai har yanzu a matakin bincike suke, kuma tare da atisaye ake gwada su. Magungunan da ke kare ci gaban da ya samu su ne na hawan jini, na suga, na kitsen jini, da na hana daskarewar jini in likita ya rubuta, domin dawowar ciwon karo na biyu na iya share aikin watanni cikin minti kaɗan. Yau da kyau gobe da ɗan baya, wannan ba komai, musamman da gajiya ko zazzaɓi ko ciwon fitsari. Amma in maganar ta koma baya farat ɗaya, ko baki ya sake karkacewa, ko hannu ya saki, ko ya yi farfaɗiya, a duba agogo a riƙe lokacin da aka gan shi lafiya na ƙarshe, kada a ba shi ruwa ko ƙwaya ta baki, a kai shi asibitin da ke da na'urar hoton ƙwaƙwalwa nan take, ko da alamun sun wuce kafin a isa.